Durowar da Muka Shafa wa Banish a Greensboro

Ranar Talata, kwana tara bayan Babbar Sallah, da ƙarfe bakwai saura kwata na safe, na bar gidana da ke Tudun Wadan Zariya zan tafi Amurka. Mutum biyu suka raka ni bakin mota, maiɗakina Hajiya Rabi da maƙwabcina Malam Garba tela. Mako bakwai na yi a can. Tun da na dawo, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar gidana bayan la'asar sai ya ce in ba shi labari, kuma na lura kullum labarin yana ƙara tsawo a bakina. Shekara talatin da ɗaya na yi ina karanta labarai a rediyo, na san abin da maimaitawa take yi wa magana. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Ƙanena Habibu na je gani. Shekararsa ashirin da biyu a wani gari da ake kira Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, kuma rabona da shi tun rasuwar mahaifiyarmu.

Hanyar Abuja ba ta da labari, sai tsayawa da muka yi a Tafa na ci shinkafa da wake don ban san abin da zan tarar a gaba ba. Jirgi biyu na hau kafin Washington. A can, muna jiran kaya, wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata, ya ƙi tashi. Jami'ar da ke riƙe da shi ta ce in biyo ta. Ta buɗe jakar a kan tebur, ta fito da kilishin da Hajiya Rabi ta sa aka yi musamman, ƙunshi huɗu. Ta ce nama ba ya shiga. Na tambaye ta ko zan iya zama a nan in cinye. Ta yi murmushi ta ce a'a. Da ta kwance ledar daddawa kuwa sai ta ja da baya taku ɗaya, ta kira abokin aikinta. Na yi musu bayanin ɗorawa tun daga bishiya har tukunya, cikin Turancin da na yi shekaru ina fassarawa. Suka duba wani littafi, suka mayar mini da ita tare da kuka da kuɓewa busasshiya. Kilishi dai na ga inda aka jefa shi.

A filin jirgin Greensboro na wuce Habibu ban gane shi ba. Wani dattijo na gani da furfura da ɗan rankwafawa, hannayensa a baya. Sai da ya ce "Yaya" na juya. Tsayuwar mahaifinmu ce sak.

Gidansa yana unguwar Glenwood, kusa da jami'a. Ƙananan gidaje ne tsofaffi, kusan duka na katako, yawancin mazaunansu ɗalibai da 'yan haya. Daɓen ɗakin da aka ba ni yana ƙara in an taka, har na haddace katakon da zan tsallake in zan fita alwalar asuba. Matarsa Zainabu 'yar Maraɗi ce, a can Amurka suka haɗu. Ranar farko ta ajiye mini tuwo ta ce, "Bon," wato "to" ɗinsu na Faransanci, "Yaya, garin shinkafar kwali ne. Ka ci, amma kada ka gaya wa Hajiya." 'Yarsu Amira tana gaishe ni da Hausa mai kyau har zuwa "lafiya lau", daga nan duk abin da na tambaya da Turanci take amsawa.

Abubuwan da suka ba ni mamaki ƙanana ne. Maƙwabci zai ɗaga maka hannu da fara'a, amma ƙafarsa ba za ta tsaya ba. Shayi da ƙanƙara suke sha, da sukari kamar na mai shayin tasha. Da safe suna cin wani abu na tsakin masara, fari fat, wanda da an sa masa yakuwa da gyaɗa ya zama fate. Ranar Juma'a a masallaci na ji Hausar Damagaram da ta Tawa fiye da yadda nake ji a Zariya.

Aikin Habibu shi ne kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara tara ya yi da mutum ɗaya, Mista Kolman, a unguwar Sedgefield, inda manyan gidaje suka kewaye filin wasan golf. Shi yake yi masa wanka, ya aske shi, ya ba shi magani, ya karanta masa jarida da idonsa ya mutu. Habibu Tsoho yake ce masa. Tsoho ya rasu wata guda kafin zuwana, yana da shekara casa'in da ɗaya. Wani gida a McLeansville, can bayan gari, suna son ɗaukar Habibu ya kula da mahaifiyarsu, amma sun ce sai sun ga takardar shaida daga iyalin da ya bari. Iyalin kuwa mutum ɗaya ce, 'yar Tsoho, Misis Elin, wadda take zaune can yammacin ƙasar. Ta ce za ta rubuta in ta zo gwanjon kayan gidan. Kafin nan Habibu yana raba kaya gida gida a mota, aikin da bayansa ba ya ɗauka. Kullum da yamma sai Zainabu ta gasa masa da tawul.

Maganar gwanjon ce ban gane ba da farko. A wurinmu in mutum ya rasu, malami yake zuwa a raba gado, tufafi a bayar sadaka, abin da ya rage ya watsu cikin dangi. A can kuwa sai a kira kamfanin dillalai, su manna wa komai lamba, tun daga gado har cokali, baƙi su zo su taya.

Makullin gidan yana hannun Habibu. Misis Elin ta gaya masa a waya ya riƙa leƙawa, ya tsabtace wurin, ya gyara shi yadda za a iya nuna wa mutane. Mako na biyu da zuwana na raka shi.

Ban taɓa ganin tsohon katako mai yawa haka a wuri ɗaya ba. Akwai agogon da ya fi ni tsayi, da kujeru masu siraran ƙafafu waɗanda na ji tsoron zama a kai, da gado mai ginshiƙi huɗu. A bango akwai zanen shanu a bakin rafi, da na wata mata mai baƙar riga wadda ta tsuke baki kamar an ɓata mata rai tun da safe. Habibu ya ce kakar kakar Tsoho ce. A ɗakin kwana na sama muka tsaya gaban wata durowa mai aljihu biyar, tsayinta zuwa ƙirjina. Na ja aljihu ɗaya na duba haɗin kusurwa. Babu ƙusa ko ɗaya, haƙori ne cikin haƙori, yankan hannu. Icen mai duhu ne kamar maɗaci. Amma fuskarta ta yi baƙi, ta tsattsage kamar tabkin da ya ƙafe, kuma a gefen dama na aljihun sama akwai wani wuri da ya koɗe ya yi fari, faɗin tafin hannu.

Habibu ya shafa saman ya ce, "Yaya, da Baba ya ga wannan fa?"

Na ce, "Da ya tambayi sunan kafintan ya yi masa addu'a, sannan ya zagi mai gidan."

Mahaifinmu, Malam Audu, kafinta ne a bakin layin dogo. Katako ba ya fita daga shagonsa sai ya sha banish sau uku. Duk shekara kafin Sallah yakan ɗauki gwangwani da tsumma ya bi gidajen da ya yi wa aiki, ya goge kabad ɗin da ya ƙera shekara goma baya, ba ya karɓar ko kwabo. A ganinsa katakon da aka bari ya bushe abin kunya ne ga mai shi da wanda ya yi shi. Mu biyu a ƙarƙashin bencinsa muka girma.

Habibu ya ce, "Shekara tara ina kallonta, hannuna yana ƙaiƙayi. Tsoho ba ya son warin fenti, shi ya sa na ƙyale. Yanzu baƙi za su cika gidan nan su ce haka mutumin ya zauna."

Ni na ce mu sayi samfefa mu goge ta. Ina so a san wannan.

Kwana uku muka yi a garejin gidan. Muka cire aljihunan, muka kwance hannayen tagulla muka jiƙa su a ruwan lemon tsami. Habibu ya ɗauki jiki, ni na ɗauki aljihu. Da tsohuwar fuskar ta fara tashi, sai ƙwayar icen ta fito, ja mai ruwan zuma, da layuka kamar an zana. Wurin nan da ya koɗe shi ya fi ba ni wahala, don ya ɗan lotsa, sai da na ci gefensa sosai kafin ya daidaita.

Da rana mukan zauna a kan bokiti mu ci burodi da sadin, abincin shagon Baba. Muka tuna rediyonsa mai ɗaure da roba, wadda a cikinta na fara jin aikin da na ƙare ina yi. Muka tuna kabad ɗin da ya yi wa Inna, mai gilashi, cike da kwanonin samira da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Habibu ya tambaye ni ina kabad ɗin yake. Na ce da muka sabunta gida an kawo na zamani, shi kuma an fitar da shi tsakar gida, damina biyu ta gama da shi. Ya tambayi zarton Baba, wanda ya faɗo a rabona. Na ce wani ya ara. Ya ci gaba da tauna burodi.

Da ya buɗe gwangwanin banish, sai warin ya tashi. Habibu ya ja burushi daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ya ɗaga hannu ba, yadda aka koya mana, yana cije leɓen ƙasa. Kwanakin nan uku su ne mafi daɗi a tafiyata duka. Shafi uku muka yi. Da ta bushe muka mayar da ita sama, tana ɗaukar ido, mutum yana ganin fuskarsa a jiki.

Bayan mako uku Misis Elin ta iso. Ranar Alhamis muka je yi mata ta'aziyya, ranar da dillalin yake bin kaya yana manna lamba. Mace ce doguwa, ta haura sittin, mai magana a hankali. Ta rungume Habibu ta yi kuka kaɗan. Ni na yi mata gaisuwa irin tamu, na fassara mata, ta ce ta gode. Habibu yana ta kallon matakala, yana jiran a hau sama.

Dillalin gajere ne mai tabarau a rataye a wuya, riƙe da wata tsohuwar takarda da aka taɓa rubuta bayanin kayan gidan a ciki. Muka bi su. Da ya shiga ɗakin da durowar take ya tsaya cak. Ya duba takarda, ya duba durowa. Ya ja aljihu ya sansana. Sannan ya zauna a bakin gado.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Habibu ya buɗe baki da murmushi, amma mutumin bai jira ba. Ya ce takardar ta nuna durowar tana da fuskarta ta asali, wadda kafintan da ya ƙera ta a wannan yanki ya shafa mata kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Ya ce wannan baƙin da tsagewar su masu saye suke nema, su ne shaidar ba a taɓa ta ba. Ita ce ya yi niyyar sawa a gaban takardar talla. Yanzu, in ji shi, manyan masu saye ba za su ɗaga hannu ba.

Misis Elin ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Babana ne. A ƙarshen rayuwarsa yana kiran mutane su yi masa abubuwa bai gaya mini ba. Bara ma ya sa an sare bishiyar da mahaifiyata ta shuka."

Dillalin ya ce aikin bai daɗe ba. Ta ce wataƙila da bazara ne. Ba wanda ya dube mu.

A mota Habibu bai kunna inji ba sai da muka yi kamar minti biyar. Da muka isa gida ya gaya wa Zainabu. Ta ajiye ludayi ta ce, "Baban Amira, ta riga ta ba kanta amsa. Kai ka tambaye ta? Ka bari ta rubuta takardar nan tukuna. Bayanka nake gasawa kullum, ni na san yadda yake."

Ya juyo gare ni. "Yaya, me ka gani?"

Na ce, "Ba ƙarya ka yi ba. Shiru ka yi." Wannan ita ce shawarar da na bayar, ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina gyara wa mutane labari.

Ya ce, "Ta ce babanta ne."

Zainabu ta ce, "To, ai ba ya nan."

Ya ce, "Shi ya sa. Mutumin nan ni na rufe masa ido. Bishiyar ma da take faɗa, tsawa ce ta raba ta biyu, ina wurin. Yanzu in ƙara masa da nawa, ya tafi da shi a bakin 'yarsa?"

Zainabu ta ɗauki ludayinta ta ce, "Bon." Ta ci gaba da zuba abinci.

Ranar Asabar da ƙarfe goma aka fara gwanjo. An kafa rumfa a kan ciyawar gaban gidan, an jera kujeru. Duk mai son taya yana karɓar kati mai lamba. A gefe akwai mata biyu da wayoyi da kwamfuta, suna taya wa mutanen da ke wasu garuruwa. Wasu sun zo da kofi da karnuka kamar masu zuwa kallon ƙwallo.

Saura minti ashirin a fara Habibu ya sami Misis Elin a kicin, tana naɗe kofuna a jarida. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya cire hularsa ya ce shi ya yi aikin durowar, shi da ɗan'uwansa, makonni uku da suka wuce, kuma babanta bai san komai a kai ba.

Ta ajiye kofin. Ta ce, "Kai?" Sannan ta ce, "Don me?"

Ya ce mahaifinmu kafinta ne, kuma a wurinmu ba a barin baƙi su ga kayan mutum a koɗe. Ya ce ya yi ne don kada a raina Tsoho.

Ta juya tana kallon taga. Ta ce, "Akwai wani wuri a aljihun sama, a dama. Hannun tagullar wajen ya taɓa karyewa, aka yi shekaru ba a gyara ba, sai ana ja da tafin hannu. Kakata ta ja a wurin, mahaifiyata ta ja. Ina ƙarama nakan hau kujera in sa hannuna a ciki in ga ko ya cika." Ta juyo. "Yana nan?"

Habibu ya dube ni. Na ce mata babu, ni na goge shi.

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta makullin gidan. Ya ciro shi daga zoben makullansa, abin ya ɗan ƙi fita, muka tsaya muna jira. Ta karɓa ta fita wurin dillalin.

Muka zauna a layin baya. Dillalin yana magana da saurin da ban taɓa ji ba, ni da nake alfahari da numfashina a gaban makirufo. Agogon ya tafi, kujerun suka tafi bibbiyu. Zanen shanun nan aka yi ta ja-in-ja a kansa tsakanin wani mai hular kaboyi da wata murya a waya. Matar mai baƙar riga wani saurayi ya saya, na ji yana gaya wa abokinsa zai rataye ta a gidan abincinsa. Misis Elin tana tsaye a jikin ginshiƙi, ba ta motsa ba. Na tuna kabad ɗin Inna a tsakar gida. Mu ba mu sayar wa baƙo ba, ruwa muka bar wa.

Da aka zo kan durowa, mutum biyu suka fito da ita rana, ta yi wani irin ƙyalli har wata tsohuwa a gabanmu ta ce kai, ta yi kyau. Dillalin ya rage sauri. Ya faɗi icen da shekarunta, sannan ya ce an sake mata fuska a watan jiya, da kyakkyawar niyya. Mutanen layin gaba, masu littattafai a cinya, suka sunkuyar da kai. Matan wayoyi ba su ɗaga hannu ba. Wasu matasa biyu, miji da mata mai ciki, su suka taya, wani ya ƙara sau ɗaya ya bari. Gudumar dillalin ta sauka, an sayar. Duka bai kai minti ɗaya ba. Matar ta je tana shafa saman da hannu, tana ce wa mijinta ba sai sun yi mata komai ba.

Da aka tashi Habibu ya taimaka aka ɗora musu ita a bayan mota, ya sa bargo a kusurwoyi. Muka nemi Misis Elin mu yi sallama, aka ce ta shiga ciki ta rufe ƙofa.

Kwana tara bayan nan na taso. Takarda ba ta zo ba, kuma ba wanda ya ambace ta a gidan. A filin jirgi Habibu ya ba ni magungunan Hajiya Rabi da takalma na jikoki, ya ce in gai da Malam Garba. Na so in ce masa wani abu game da shawarar da na ba shi, sai aka kira layinmu.

Na yi mako biyu da dawowa ya kira ni bayan azahar, lokacin su safiya ce. Takardar ta iso gidan McLeansville kai tsaye, kuma sun karanta masa. Layi huɗu ce. Na farko ya ce ya kula da mahaifinta shekara tara. Na biyu ya ce bai taɓa makara ba. Na uku ya ce ya lalata mata wani abu da ba zai gyaru ba, kuma shi ya zo ya faɗa da bakinsa alhali ba ta da hanyar sani. Na huɗu lambar wayarta ce.

Ya fara aiki a gidan ranar Litinin da ta biyo baya. Misis Elin ba ta sake kiransa ba.